WA KE DA KULOB, MAI KUƊI KO MUTANEN GARI?

Ran Alhamis, 26 ga watan Satumba na shekarar 2024, mutum 46,889 suka yi dafifi a babban filin wasa na birnin Oakland, cikin Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, domin su ga karawar da kulob ɗinsu mai suna Athletics zai yi da Texas Rangers a wasan besbol. Kulob ɗin gida ne ya yi rinjaye da ci 3 da 2, amma kuwa ba wanda ya bar filin nan da fara'a. Dattawa masu furfura sun yi ta sharar hawaye, waɗansu kuma suka riƙa miƙa wa masu gyaran fili kofuna da kwalabe don a ɗebo musu ƙasar wurin su tafi da ita gida. Dalili shi ne wannan ne wasa na ƙarshe da kulob ɗin zai yi a garin, bayan shekara 57 yana zaune a cikinsa. Mai kulob ya naɗe tabarmarsa, ya ce Las Vegas za shi.

Jama'a masu karatu, na san waninku zai ce ina ruwan Bahaushen da ke neman abincinsa a Agege ko Sabon Badun ko Fatakwal da wasan da bai taɓa gani ba, a garin da bai taɓa jin sunansa ba. Ku yi mini haƙuri kaɗan. Ni ina cikin 'yan tsirarun nan da ke hana idonsu barci da ƙarfe biyun dare don kallon wasannin Amurka, kuma a cikin dukkan labaran da suka fito daga can a 'yan shekarun nan, ban ga wanda ya tsaya mini a rai kamar na Oakland ba. Ina kuma ganin mu da muka baro gida muka zo Kurmi mun fi kowa cancantar yin hukunci a kansa, domin mun san tashi, mun kuma san zafin a tashe ka.

Ga wanda bai san besbol ba, wasa ne na ƙwallo da kulki. Wani ya jefo ɗan ƙaramin ƙwallo da ƙarfin gaske, wani ya maka masa kulki ya sheƙa da gudu yana zagaya zango huɗu, in ya komo inda ya tashi ba a fitar da shi ba, an ci ɗaya ke nan. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne yawan wasannin. Kowane kulob yana yin wasa 162 a shekara, kimanin rabinsu a gida. Watau daga watan Afrilu zuwa Satumba kusan kullum akwai wasa, saboda haka filin ya zama wa mutanen gari kamar dandali: can uba ke kai ɗansa, can tsofaffin abokai ke haɗuwa da yamma, can ɗaruruwan talakawa ke samun na cefane da sayar da abinci da tsaron ƙofa da shara. Wanda ya ɗauke kulob irin wannan ya ɗauke wa gari dandalinsa.

Abin bai tsaya kan besbol kaɗai ba. Oakland gari ne na ma'aikatan tashar jiragen ruwa da leburori, mai yawan baƙaƙen fata da baƙi, yana fuskantar San Francisco ta tsallaken ruwa, kamar yadda talaka kan zauna daura da gidan attajiri. A da yana alfahari da manyan kulob uku, ɗaya a kowane babban wasa. A 2019 Golden State Warriors na ƙwallon kwando, waɗanda suka ɗauko kofi a 1975 da 2015 da 2017 da 2018 suna zaune a Oakland, suka haye ruwa suka koma San Francisco. A 2020 Raiders na ƙwallon zari-ruga irin na Amurka suka koma Las Vegas. A ƙarshen 2024 Athletics, masu kofin 1972 da 1973 da 1974 da 1989, suka bi sahu. Cikin shekara biyar gari ya wayi gari ba ko ɗaya.

To, yaya aka yi haka ta yiwu? Mu da muka saba da ƙwallon ƙafa irin na Ingila da namu na nan gida, mun san cewa kulob in ya lalace faɗuwa yake yi zuwa rukuni na ƙasa, wani ya hau gurbinsa. A Amurka ba haka tsarin yake ba. Babu hawa, babu faɗuwa. Kulob 30 ne a babbar gasar besbol, 30 a ta ƙwallon kwando, 32 a ta zari-ruga, kuma ba mai shiga sai da yardar masu kulob ɗin da ke ciki, bayan ya zube kuɗi masu nauyi. Garuruwan da ke sha'awar samun kulob kuwa sun fi kulob ɗin yawa. Nan ne gizo ke saƙa. Mai kulob sai ya tafi wurin hukumar gari ya ce filin nan ya tsufa, a gina masa sabo da kuɗin haraji, in ba haka ba ga wani gari can yana yi masa tayi. In hukuma ta bayar, talakawa sun ɗauki bashi na shekara da shekaru. In ta hana, a ce ita ta kori kulob. Gaba kura, baya sayaki.

Mutanen Oakland sun ɗanɗana duka biyun. Raiders sun taɓa barin garin a 1982 suka tafi Los Angeles. Don a lallaso su su komo a 1995, hukumar gari da ta gunduma suka ciwo bashin kusan dala miliyan 200 suka yi wa filin ƙari, ƙarin da ya toshe wa masu kallon besbol tsaunukan da suke hange a da, ya ɓata fasalin wurin baki ɗaya. Raiders suka zauna shekara 25, Jihar Nevada ta yi musu alkawarin dala miliyan 750 daga harajin ɗakunan otal, suka sake kama hanya, suka bar mutanen Oakland da sauran bashin suna biya. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya, in ya yi taurin hannu karo na biyu, ni ban ga laifinsa ba.

Sai batun Athletics, wanda shi ne ya fi ci mini rai. Mai kulob ɗin, John Fisher, magajin dukiyar kamfanin tufafi na Gap ne. Shi da abokan cinikinsa suka sayi kulob ɗin a 2005 a kan kimanin dala miliyan 180, kafin 2023 kuwa masu ƙiyasi suna yi masa kuɗi fiye da dala biliyan 1. Ba za a ce mutumin da jarinsa ya ninka haka ya yi asara ba. Amma a watan Maris na 2022 sai aka ga kulob ya rabu da gwanayensa ɗaya bayan ɗaya, har da Matt Olson da Matt Chapman, aka kuma ƙara kuɗin tikitin shekara. Kulob ya zama abin tausayi, a 2023 ya ci wasa 50 aka cinye shi 112. 'Yan kallo suka ja jiki, har matsakaicin masu shiga a 2022 ya kasa kai mutum 10,000. Daga nan sai aka nuna kujerun da ba kowa aka ce, kun gani, mutanen Oakland ba sa son wasa. A ganina wannan daidai yake da mai tuwo ya rage malmala, ya tsinka miya, ya ƙara kuɗi, sa'an nan ya ce unguwar ba ta da mayunwata.

Magoya bayan kulob ba su bar maganar ta tafi haka ba. Ran 13 ga watan Yuni na 2023, ranar Talata, wadda ba ranar cikowa ba ce, suka shirya abin da ban taɓa jin irinsa ba: maimakon su ƙaurace wa fili don nuna fushi, sai suka cika shi. Mutum fiye da 27,000 suka zo sanye da koren riguna masu kira ga mai kulob ya sayar, domin su shaida wa duniya cewa suna nan, abin kallo ne aka hana su. Bai yi amfani ba. A cikin wannan watan majalisar Nevada ta amince da gudummawar dala miliyan 380 ta kuɗin jama'a don sabon fili, a watan Nuwamba kuma dukkan masu kulob 30 suka jefa ƙuri'ar amincewa da tashin, ba wanda ya ce uffan. Ina za su ce? Kowannensu yana ajiye da wannan sandar a bayan ƙofa, don ranar da zai bukaci razana nasa garin. Abin dariya, abin takaici, filin Las Vegas ɗin ma ba a fara gininsa ba sai a 2025, aka sa 2028 ta zama shekarar buɗewa. Kulob ya shiga kakar 2025 yana raɓe a wani ɗan filin ƙaramar gasa a West Sacramento mai ɗaukar mutum kimanin 14,000, ba ya ma amsa sunan kowane gari.

Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗi abin da ke ɗaya gefen. Filin Oakland, wanda aka buɗe a 1966, ya tsufa ainun. A 2013 ruwan masai ya taɓa malalowa cikin ɗakunan 'yan wasa, daga baya kuma kyanwoyin da ba su da masu su suka mai da wurin gida. An shafe wajen shekara 20 ana neman inda za a yi sabo, shawarar bakin tashar jiragen ruwa ta ci lokaci mai tsawo kafin ta watse a 2023, kuma hukumar gari ita ma ba ta fita daga zargin jan ƙafa ba. Har ila yau, shi kansa Athletics baƙo ne a Oakland. A Philadelphia aka kafa shi a 1901, ya koma Kansas City a 1955, ya iso Oakland a 1968, kuma ranar da mutanen Oakland ke murnar zuwansa, waɗansu na can suna kuka. Warriors ma daga Philadelphia suka fito. Duk na yarda da wannan.

Akwai ma hujjar da ta fi waɗannan kaifi, wadda wani abokina mai sayar da goro ya jefe ni da ita da muna wannan gardama. Ya ce, Malam, kai da kake zagin mai kulob don ya bar garinsu ya tafi inda kasuwa ta fi ci, kai me ya kawo ka Ikko? Wallahi na yi shiru na ɗan lokaci. Amma da na yi tunani sai na ga misalin bai zauna ba. Ni da na baro gida, ƙafafuna da jakata na ɗauko. Ban ciro rijiyar unguwarmu na taho da ita ba, ban kuma ce mutanen garinmu su yi mini karo-karo su gina mini shago ko in yi fushi in tafi ba. Ɗan ci-rani da guminsa yake tafiya. Shi kuwa mai kulob, abin da yake ɗauka ya tafi da shi, watau sunan kulob da launin rigarsa da kofunansa da tarihinsa, ba shi kaɗai ya tara su ba. Kakanni da iyaye da jikoki ne suka tara su da kuɗin tikitinsu da muryoyinsu, shekara bisa shekara. In ana neman wanda ya yi kama da mai kulob a rayuwarmu ta nan Kurmi, to, shi ne wanda kan zo da takarda rana tsaka ya ce an tashi kasuwa, kowa ya kwashe kayansa, alhali kuwa ku kuka mai da wurin kasuwa tun yana juji.

Wanda ya yi kama da mu a cikin wannan sha'ani shi ne ɗan wasa, kuma abin mamaki shi ne wanda 'yan kallo suka fi saurin tsine wa. Lokacin da LeBron James ya bar Cleveland ya koma Miami a 2010, bayan yarjejeniyarsa ta ƙare, mutane sun ƙona rigunansa a kan titi suna kiransa maci amana. Mutumin nan bai karya doka ba, bai ci kuɗin harajin kowa ba, aikinsa ya sauya, ya kuma komo a 2014 ya kawo musu kofi a 2016. 'Yancin da ya yi amfani da shi ma ba a banza aka same shi ba. A wasan besbol, wani baƙar fata mai suna Curt Flood ya ƙi yarda a 1969 a miƙa shi daga St. Louis zuwa Philadelphia kamar haja, ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, aka kayar da shi a 1972, sana'arsa ta mutu a kan haka. Sai a 1975 aka yanke hukuncin da ya buɗe wa 'yan wasa ƙofar zaɓen inda za su yi aiki in wa'adinsu ya cika. Duk da haka har yanzu ana musayarsu ba da shawararsu ba. A farkon Fabrairu na 2025, cikin dare, Dallas Mavericks suka miƙa Luka Doncic ga Los Angeles Lakers, saurayi ɗan shekara 25 wanda ya kai su wasan ƙarshe na gasa watanni takwas kafin nan, shi kansa bai san ana cinikinsa ba. Mutanen Dallas sun yi ta bore har aka sallami manajan da ya ƙulla cinikin, Nico Harrison, a watan Nuwamba na shekarar. Manaja dai ana iya korarsa. Mai kulob fa, wa zai kore shi?

Kada a ce abin ba shi da magani, domin an gwada magunguna an ga aikinsu. Da Art Modell ya ɗauke Cleveland Browns zuwa Baltimore bayan kakar 1995, mutanen Cleveland sun tashi haiƙan, suka shiga kotu, har aka yi sulhu a kan ya tafi da 'yan wasansa amma ya bar suna da launi da tarihi a inda ya same su. Kulob ɗinsa ya zama Ravens, Browns kuma suka sake tashi a Cleveland a 1999. Jihar Ohio ta kafa doka a 1996 cewa kulob da ke wasa a filin da aka gina da kuɗin jama'a ba zai tashi ba sai da yardar hukumar gari, ko kuwa ya ba da sanarwar wata shida ya kuma ba mutanen wurin damar saye. Wannan doka tana cikin abin da ya hana a ɗauke kulob ɗin ƙwallon ƙafa na Columbus Crew a 2018. Su ma mutanen Baltimore da suka karɓi kulob ɗin wasu, sun san ɗacin abin, gama a watan Maris na 1984 aka loda kayan kulob ɗinsu, Colts, cikin manyan motoci da tsakar dare aka gudu da su Indianapolis, gari ya waye ba kulob.

Sai kuma Green Bay Packers, abin da nake nuna wa duk mai cewa kulob ba ya rayuwa sai da attajiri guda. Green Bay ɗan gari ne a Jihar Wisconsin mai mutum dubu ɗari da 'yan kai, amma filinsa yana ɗaukar wajen mutum 80,000, kuma cika yake yi. Tun 1923 kulob ɗin mallakar jama'a ne, masu hannun jari sun haura 500,000, ba mai karɓar riba, ba kuma wanda aka yarda ya tara hannun jarin da zai juya sauran. Ba kulob ɗin da ya kai shi yawan zama zakaran gasar zari-ruga a tarihi. To, me hukumar gasar ta yi da ta ga wannan kyakkyawan misali? Dokokinta sun hana wani kulob ya bi wannan tsari, Packers kaɗai aka ƙyale don sun riga dokar. Mai hankali ya san abin da ake tsoro. A Jamus kuwa ƙa'idar ƙwallon ƙafa ita ce, ban da 'yan kaɗan da aka keɓe, rinjayen ƙuri'a yana hannun 'yan kulob, mai kuɗi ya zuba jarinsa amma ba zai yi gaban kansa ba.

Mu ma nan gida ba baƙin wannan ciwo ba ne, sai dai namu mutuwa yake kawowa maimakon ƙaura. Manyanmu a Badun da Abekuta suna tuna Leventis United da Abiola Babes, waɗanda suka yi ta musayar kofin ƙalubale a tsakaninsu daga 1984 zuwa 1987, kafin shekarun 1980 su ƙare kuma masu su suka rufe su, magoya baya suka rasa inda za su sa kansu. Mutanen Kano kuma suna tuna Raccah Rovers, zakarun ƙasa na 1978. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ra'ayina a taƙaice shi ne mai kulob yana da hakkin cin ribarsa, yana da hakkin sayarwa, in ma ya matsa yana da hakkin tafiya da 'yan wasan da yake biya albashi. Amma suna da launi da tarihi a bar wa gari, kamar yadda aka yi a Cleveland. Duk garin da zai sa kobon haraji a ginin fili, a rubuta masa hannun jari a kulob ɗin gwargwadon abin da ya zuba. Kafin a tashi kuma, a fara yi wa mutanen gari tayi. Da an bi ko ɗaya daga cikin waɗannan, da labarin Oakland ya sha bamban.

A wasan nan na ƙarshe, ɗaya daga cikin mutum biyu da aka ba girmamawar jefa ƙwallon buɗe wasa shi ne Rickey Henderson, wanda ya tashi a Oakland, ya yi makaranta a can, ya kuma kafa tarihin satar zango sau 1,406, adadin da ba wanda ya ko kusance shi. An sa wa dandalin wasan sunansa tun 2017. Ya rasu a watan Disamba na 2024, wata uku bayan an rufe ƙofa. Mutanen garin kuwa sun koma wani ɗan fili a yammacin birni suna kallon Oakland Ballers, ƙaramin kulob da ya fara wasa a 2024 a wata ƙaramar gasa mai zaman kanta, wanda dubban magoya baya suka sayi hannun jari a cikinsa, aka kuma ba su kujera a majalisar gudanarwarsa.